Aku da Wazirci: Jigo da Alama a Cikin Labaran Magana Jari Ce

Kusan duk wanda ya yi makaranta a ƙasar Hausa tun daga ƙarshen shekarun 1930 ya san Magana Jari Ce, kuma malamai da yawa da ke koyar da shi a bakin nasu malaman suka fara jin labaransa. Wannan sabo ya jawo wa littafin wata illa, domin abin da aka saba da shi ba a cika tsayawa a dube shi ba. In an tambayi ɗalibin kwalejin horon malamai jigon wani labari daga ciki, sai ya ɗauko karin maganar da aka yi wa labarin kai ya miƙo, ya ɗauka ya gama aiki. In an tambaye shi abin da aku ke nufi, sai ya ce tsuntsu ne mai wayo. Bai yi ƙarya ba, amma amsar ba ta kai ko'ina ba, ga shi kuwa gobe shi zai tsaya gaban yara ya koya musu haka nan. Nufinmu a wannan takarda mu nuna yadda za a bi a gano jigon waɗannan labaru da alamun da ke cikinsu, sa'an nan mu nuna inda ya kamata mai fassara ya ja linzami.

Da farko sai mu daidaita kan kalmomi biyu. Masu lambu suna kiran itacen nan da ke ɗauke da guga jigo, shi ke ɗaukar nauyin aikin ban ruwa duka. Haka jigon labari yake, watau maganar da ke ɗauke da nauyin labarin, wadda in an zare ta sauran su zube. Alama kuwa wani abu ne a cikin labari, ko tsuntsu, ko littafi, ko wuƙa, ko wani lokaci na dare, wanda yake tsaye a matsayin kansa, kuma yana nuni zuwa ga wani abu da ya fi shi girma.

Asalin littafin

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Malam Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina a lokacin, ya shiga gasar da Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934. Ganin gwanintarsa ya sa aka nemi aronsa zuwa Zariya a 1936, aka tara masa littattafan labaru na Larabawa da na mutanen Indiya da na Turawa, ya zauna wata 6 yana aiki. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, masu labaru kimanin 80, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939 don karatun 'yan makaranta.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yawancin labaran aro ne. Wasu suna ganin wannan abin rage wa marubucin daraja ne. Mu kuwa muna ganin shi ne babban makamin mai nazari, gama in muka aza labarin asali kusa da na Imam, duk wurin da ya bari yadda yake da duk wurin da ya sauya za su fito fili, kuma inda ya sauya nan ne hannunsa da nufinsa suke.

Babban labarin da ya ɗaure sauran

Kuskure na farko da ake yi a aji shi ne a tsinke labaran ɗaya-ɗaya a karanta, a bar igiyar da ta ɗaure su. Igiyar kuwa ita ce labarin Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji, da ɗansa Musa, da jikansa Mahmudu, da Waziri mai kwaɗayin sarauta, da akun da aka saya. Sarki ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari tare da Mahmudu, ya bar Musa a gida. Waziri ya haɗa baki da abokan gaba, ya riƙa ƙulla saƙon ƙarya da sunan Mahmudu don Musa ya fito da dare a kama shi. Kowane dare Musa ya shirya fita, aku ya tsare shi da labari har gari ya waye, haka har Sarki ya komo da nasara, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku a matsayinsa.

Wannan tsari ya samo asali daga wani tsohon littafin Indiya mai suna Shuka Saptati, watau labaran aku 70, wanda wani malami mai suna Nakshabi ya sake rubutawa da Farisanci wajen 1330 ya kira shi Tuti Nama. A can wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa da tsuntsaye biyu. Matar ta so fita da dare wurin wani namiji, tsuntsuwa ta yi mata faɗa, ta kashe ta, shi kuwa aku ya riƙa tsare ta da labari har mijin ya dawo.

To, dubi abin da Imam ya yi. Ya cire matar aure ya sa ɗan sarki, ya cire kwarto ya sa makircin fada. Mai gaggawa zai ce ai don littafin na yara ne, ba a so a sa musu zancen banza. Wannan gaskiya ne, amma sauyin ya wuce nan. Abin da ake tsarewa ya tashi daga mutuncin gida ɗaya ya koma gadon sarauta da zaman lafiyar ƙasa. Mai sauraron labaran kuma ya zama saurayin da wata rana zai riƙe jama'a. Da haka littafin ya shiga sahun littattafan nasiha ga sarakuna, irin su Kalila wa Dimna wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8. Wannan sahu ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki a ƙarshen ƙarni na 15, Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano a farkon ƙarni na 19. Bambancin shi ne su malamai ne da ke faɗa wa sarki hukunci kai tsaye da hujja, aku kuwa bara ne, ba shi da ikon faɗa sai ta bayan labari.

Aku da matarsa

Alamar da ta fi kowacce nauyi a littafi na ɗaya, kuma wadda aka fi tsallakewa, ita ce mutuwar macen aku. Musa ya nemi shawararta kan fita, ta gaya masa gaskiya tsirara, ya fusata ya kashe ta. Aku ya ga abin da ya faru, ra'ayinsa kuwa ɗaya da nata, amma bai ce wa Musa kada ka tafi ba. Sai ya nuna kamar yana bayansa, ya jawo zance, zance ya jawo labari. Tsuntsaye biyu, gaskiya ɗaya, ɗaya ta mutu a kanta, ɗaya ya sami rawani. Daga nan za mu iya faɗin jigon littafin da cikakkiyar magana: mai gaskiya da ke ƙarƙashin mai iko bai tsira ba, bai kuma tsirar da kowa ba, sai ya san hanyar da zai bi da gaskiyarsa.

Wannan jigo yana da ɗaci, kuma bai kamata malami ya zuba masa zuma ba. Macen aku ba ta yi laifin kome ba, laifin na Musa ne, amma ba mu ga wani hukunci da ya hau kansa ba. Aku kuma da dabara ya yi aiki, har da nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Ɗalibin da ya tambaya ko wannan ba yaudara ba ce ya fahimci littafin fiye da wanda ya yi shiru. Amsar da littafin ya bayar tana cikin kwatanta aku da Waziri. Su duka biyu da magana suke aiki, su duka biyu suna ɓoye nufinsu ga Musa. Waziri yana ƙulla zance don ya fitar da yaron zuwa halaka, aku yana ƙulla zance don ya riƙe amanar da ubangidansa ya bar masa. Ashe kenan jarin iri ɗaya ne, mai juya shi ne ya bambanta.

Kalmar jari ma kanta ta isa a tsaya a kanta. Jari dukiya ce da ake juyawa ta haifi wata, in kuma an yi sakaci a ci uwar kuɗi a karye. Aku ya shigo labarin a matsayin haja, an yi cinikinsa an biya. Ba shi da dangi, ba shi da doki ko mashi, ga shi a keji. Waziri kuwa yana da asali da bayi da dukiya. Ƙarshen littafin ya juya wannan lissafi, wanda aka saya da kuɗi ya zama na biyun sarki. Bahaushen wancan zamani bai ga abin mamaki sosai a nan ba, domin ya san bayin sarki da suka riƙe manyan muƙamai, kamar Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a fadar Kano.

Dare da asuba su ma alamu ne, kuma daga gida suka samo ƙarfinsu. Dare lokacin tatsuniya ne a wurinmu, kuma lokacin da zuciya ke rinjayar hankali. Sha'awar fita ba ta taso wa Musa sai da dare, in asuba ta yi sai dama ta wuce. Saboda haka kowane labari dare ɗaya yake saye, ba ƙari. A nan akwai abin lura ga masu koyarwa. Aikin labarin aku shi ne ya riƙe Musa, ko ya koya masa wani abu ko bai koya ba. Don haka wasu labaran na nasiha ne, wasu na ban dariya ne zalla, kuma wanda ya matsa sai ya tatso wa'azi daga kowannensu ya jahilci abin da akun ke yi.

Littafi na biyu gasar ba da labari ce tsakanin Waziri Aku da Haziƙ, akun Sarkin Sirika. A ganinmu igiyarsa ta fi ta na ɗaya sako-sako, gama ba ran kowa da ke rataye a kan labaran, suna kawai ake nema, ko da yake akwai kyawawan labaru a ciki. Na uku ya komo da nauyi ta wata fuska, inda aku ke koya wa ɗansa Fasih sana'ar. Sunayen biyu daga Larabci suke, haziƙanci da fasaha. In muka jera littattafan uku sai mu ga tafiyar jari sosai: an same shi an tsira da shi, an kai shi kasuwa an gwada shi da na wani, sa'an nan an bar wa ɗa gado.

Labaru uku

Labarin Sarkin Zairana da Sarkin Bokaye Gara ya fito daga Dare Dubu da Ɗaya, daga labarin Sarki Yunan da likita Duban. Masani ya warkar da sarki daga cutar da ta gagari kowa, hassada ta sa aka zuga sarki a kansa, sarki ya sa a kashe shi, shi kuwa ya bar masa wani littafi da aka shafa wa dafi. Sarki ya riƙa lasar yatsa yana buɗe takardun har dafin ya kama shi. Ɗalibai sukan ce jigon butulci ne ko hassada, kuma duka biyu suna ciki. Amma a dubi littafin nan. Ilmin da ya ba sarki lafiya shi ne ya kashe shi, da hannunsa ya kai dafin bakinsa, ba wanda ya ɗura masa. Tun kafin dafin takarda, wani dafin ya riga ya shiga ta kunne, ranar da ya karɓi zuga bai auna ta ba. Don haka muna ganin labarin ya fi dosar sarkin da bai iya tantance maganar da ake kawo masa ba. Kuma ga shi yana kama da babban labarin kamar an tsaga kara: baƙo mai sani, da na kusa da sarki mai hassada, da sarki a tsakani.

Labarin Sarkin Busa daga Jamus ya taso, daga almarar garin Hamelin, inda ake cewa a shekarar 1284 wani mai busa ya tafi da yara 130 bayan mutanen gari sun hana shi ladan raba su da ɓeraye. Busar da ta kawar wa gari da masifa ita ce ta kwashe masa 'ya'ya, kamar yadda ilmin Gara ya warkar kuma ya kashe. Alkawari shi ma magana ne, bashi ne da aka ci da baki, shi ya sa Hausawa suka ce kaya ne. Manyan gari sun biya bukatarsu da kalma, da lokacin cikawa ya zo suka noƙe, aka karɓi biyan daga abin da ba su taɓa sa wa kuɗi ba, watau gobensu. Da labarin ya shigo Hausa sai ya sami wata ma'ana da ba lalle yana da ita a Turai ba. Mun san matsayin mabusa da makaɗa da maroƙa a garuruwanmu: ba a yin biki ko naɗi sai da su, amma ana yi musu kallon na ƙasa, kuma kowa ya san maroƙin da aka hana kyauta yakan juya yabo ya koma zambo. Yaron da ya taɓa ganin haka a ƙofar gidan biki ya riga ya riƙe rabin fassarar labarin.

Na uku shi ne labarin Kalala da Kalalatu, wanda tushensa ke cikin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, su Grimm, suka tara. Mace ta cinye kajin da aka soya don baƙo. Da ta ga asiri zai tonu, sai ta gaya wa baƙon wuƙar da maigida ke wasawa ta yanke masa kunnuwa ce, ta gaya wa maigida kuma baƙo ya gudu da kaji. Maigida ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko guda ɗaya, shi yana nufin kaza, mai gudu yana jin kunne. Akan ce jigon kwaɗayi ne. Kwaɗayi dai shi ya tayar da rigimar, amma daɗin labarin duka yana kan kalma ɗaya da mutum biyu suka ji ta fuska biyu, da wuƙa ɗaya da ta zama abu biyu saboda abin da aka faɗa a kanta. Nan ma ikon magana ne, sai dai a hannun wadda ba amana take tsarewa ba, kuma dariyar mai karatu tana bayanta. Imam bai ɓoye mana cewa jarin nan yana riba a hannun maƙaryaci ma ba.

Iyakar fassara

Wanda ya ɗanɗana neman alama yakan zarce, har ya ga alama a kowane lungu. Mun taɓa ganin takardar ɗalibi da ta ce kaji biyun Kalalatu duniya da lahira ne. Kajin nan kaji ne, an sa su biyu don kunnuwa biyu ne. Muna ba da shawarar a auna duk abin da ake zato alama ne da tambaya uku. Ta fari, marubucin ya daɗe a kansa ko ya yi ta komowa gare shi? Ta biyu, in an musanya shi da wani abu, ma'anar labarin za ta sauya? In an ce Gara da kibiya ya harbe sarki, labarin ya lalace, saboda haka littafin alama ne. In an ce zabi Kalalatu ta cinye, ba abin da ya ragu. Ta uku, fassarar ta dace da sauran labarin da kuma abin da masu harshen suka sani game da abin?

Akwai wata fassara da ke tsaye a bakin wannan iyaka, ita ce a ce aku hoton malamin boko ne na zamanin En'e, wanda ba shi da sarauta ta gado, sai alƙalami da harshe, yana aiki tsakanin sarakuna da Turawa, dole ya san yadda zai faɗi gaskiya ya kwana lafiya. Rayuwar Imam ta sa fassarar ta yi armashi, gama a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya yi shekaru yana wannan aiki na faɗa da dabara. Ana iya kawo ta a aji a matsayin abin da mai karatu ya hango, muddin ba a ce wa ɗalibai ita ce niyyar marubucin ba.

Ga masu koyarwa

Abin da muke roƙon malaman kwalejoji shi ne abu kaɗan. Kada a karanta labari sai an tuna wa ɗalibai wa ke ba da shi, wa ake ba, kuma me zai faru in mai sauraro ya tashi. A hana su amsa tambayar jigo da kalma ɗaya ko da karin maganar kan labari, a sa su faɗe shi da cikakkiyar jimla tasu, sa'an nan su nuna wurin da suka dogara a cikin littafin. Inda hali ya yi, a ba su labarin asali a taƙaice su nemo da kansu abin da aka sauya. A bar su kuma su yi gardama kan macen aku, ko wauta ta yi ko jarunta, gama yawancinsu za su yi aiki ƙarƙashin wani, kuma ranar da za su zaɓa tsakanin hanyarta da ta mijinta tana nan tafe. Abubakar Imam ya rasu a 1981, littafinsa kuwa ya haura shekara 80 a hannun 'yan makaranta, ya cancanci a karanta shi da irin hankalin da aka rubuta shi da shi.